Me Ya Sa Aka Bar Teku Yana Cinye Ganuwar Dunbeg?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun tarihi. Na ga hotunan wata tsohuwar ganuwar dutse a ƙasar Ayalan, mai suna Dunbeg, wadda aka ce guguwa ta zubar da ƙofarta cikin teku a 2018. Abin ya ɗaure mini kai. Gini ya shekara dubu yana tsaye, yaya guguwar dare ɗaya za ta kayar da shi? Sauyin yanayi ne ya jawo? Kuma ƙasa mai hali kamar Ayalan, me ya hana ta gina katangar kankare ta tare ruwan, ko ta kwashe duwatsun ta sake jera su can nesa da gaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da gyara maka abu guda, domin a kansa sauran bayanin ya rataya: ba guguwar dare ɗaya ce ta kayar da ƙofar Dunbeg ba. Guguwar ta zo ne ta tarar an gama aikin, ta sa hannu ta ture. Wurin ya fi shekara 150 yana zubewa a gaban idon mutanen da suke auna shi suna rubutawa.

Dunbeg yana gundumar Kerry, a kudu maso yammacin Ayalan, a kan zirin ƙasar Dingle, a wani yanki da ake kira Fahan. Da harshen mutanen wurin sunansa An Dún Beag, wato ƙaramar ganuwa. Bayansa dutsen Mount Eagle ne mai tsayin mita 516, gabansa kuma Tekun Atilantika. Ganuwar tana zaune a kan wani hancin dutse da ya kutsa cikin ruwa, daga samansa zuwa inda igiyar ruwa take bugu wajen mita 30. Dabarar masu ginin mai sauƙi ce. In ka sami wurin da teku ya kewaye ta gefe uku, gefe ɗaya kaɗai za ka tsare. Sai suka haƙa gwalalo biyar, suka tara tudun ƙasa huɗu a tsakaninsu, sannan daga ciki suka ja katangar dutse ta tare wuyan hancin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kaurin katangar ya haura mita 6 a wasu wurare, tsayinta wajen mita 3, kuma babu laka babu siminti, dutse ne a kan dutse. A tsakiyarta akwai zaure mai rufin manyan falalen duwatsu, da ɗaki ƙarami a kowane gefe, da ramukan da ake zura gungumen sakata. Ta ƙarƙashin zauren aka haƙa wata hanyar ƙasa mai tsawon wajen mita 16 ta nufi waje. Can ciki kuma ɗakin dutse ne guda ɗaya babba, daga waje zagayayye, daga ciki mai kusurwa huɗu. Irin wannan ganuwa ta kan hancin dutse, akwai sama da 350 a gaɓar Ayalan, amma kaɗan ne suka kai Dunbeg cikar kaya.

Shekarunsa fa? A 1977 hukumar ayyuka ta gwamnati, wadda ake taƙaita sunanta da OPW, ta sa Terry Barry, masanin tonon kayan tarihi, ya tona wurin, kuma dalilin tonon shi ne zaizayar da ake gani tun lokacin. Ya sami wani tsohon gwalalo a ƙarƙashin katangar, da gawayi a cikinsa wanda gwajin kabon, wato gwajin da ake gane shekarun abu da shi, ya kai shi wajen shekara 580 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko ma kafin haka. Gawayin gindin gwalalon ciki ya nuna ƙarni na 8 zuwa na 9 Miladiyya, zaman da aka yi a ɗakin dutsen kuma ƙarni na 10 zuwa na 11. Wato mutane sun tsare wannan hanci tun da daɗewa, sannan wasu suka dawo masa bayan sama da shekara dubu, a zamanin da 'yan farmakin Viking na arewacin Turai suke yawo a tekun. Tsibirin Skellig Michael da ke kudu da Dunbeg, sun kai masa hari a farkon shekarun 820. Kayan da aka samu kaɗan ne, galibi ƙasusuwan dabbobi, abin da ya sa ake ganin ba gari ba ne da ake zama kullum.

Yanzu ga lissafin asarar. A 1856 George Du Noyer, mai zane kuma ma'aikacin binciken duwatsu, ya auna wurin ya zana shi. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 gefen yamma ya yi ta ballewa, masu binciken kayan tarihi Macalister da Westropp duk sun ziyarta sun rubuta abin da suka tarar. Kafin Barry ya zo a 1977, abin da ya rage na katangar wajen mita 29 ne, kusan rabin abin da Du Noyer ya gani. A watan Janairun 2014 wani babban yanki na yammacin katangar ya faɗa ruwa, zaizayar ta iso dab da zaure. A ƙarshen 2017 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta gangaro daga Mount Eagle ta yanka kwazazzabo ta cikin tudun ƙasar da gwalalon, ta tafi da hanyar masu ziyara. Makonni kaɗan bayan haka, a daren 2 ga Janairun 2018, guguwar da aka raɗa wa suna Eleanor ta sauka, ita ce ta cika titunan birnin Galway da ruwan teku, iskarta ta haura gudun kilomita 150 a awa. Da aka je dubawa, zauren da wani sashe na hanyar ƙarƙashin ƙasan sun bi 'yan'uwansu.

Ka lura da jerin: ruwan sama ya riga guguwa. A nan ne yawancin masu ba da labari suke yin kuskure, suna kallon teku kaɗai.

Dutsen wurin dutsen yashi ne mai ƙarfi, wanda ya kai shekara miliyan 400 da samuwa. Amma ƙarfin dutse daban, ƙarfin gaɓa daban. Lokacin da ƙasa ta yi ta motsi tana naɗe shi, ya tsattsage, ya zama shimfiɗa a kan shimfiɗa, da tsaga ta tsaye da ta kwance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In igiyar ruwa ta bugi gaɓa, tana danna iskar da ke cikin tsagar kamar yadda ake danna iska cikin taya, in ta ja baya iskar ta fashe waje. Wannan dannawa da saki, dare da rana, shi yake sassauta ƙullin dutsen. Ga kuma duwatsun da suka riga suka faɗo, ruwa yana ɗaukarsu yana jifan gindin gaɓar da su. A hankali gindin ya rarake, a sami kogo ko lungu, saman ya zama kamar rumfar da aka zare wa ginshiƙi. Kada ka raina ƙarfin wannan ruwa. Bayan hunturun 2013 zuwa 2014, masaniyar duwatsu Rónadh Cox da ɗalibanta sun auna duwatsun gaɓar yammacin Ayalan, a tsibiran Aran da kewaye, suka tarar sama da dubu sun gusa daga inda suke, mafi girmansu ya haura tan 600.

Wannan daga ƙasa ke nan. Daga sama kuma, a kan dutsen akwai shimfiɗar laka da tsakuwa da ƙanƙarar zamanin da ta bari, kuma a kan wannan shimfiɗa aka ɗora katangar. Yankin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, kamar yadda tashar awon yanayi ta Valentia da ke ƙetaren mashigin tekun Dingle take aunawa, kuma duk abin da ya sauka a wannan gefen na Mount Eagle ƙasa yake nema. Laka in ta sha ruwa nauyinta ya ƙaru, riƙonta ya ragu. Ruwan da ya ratsa ta ya shiga tsagar dutsen ta sama, ya cika ta, yana tura bangon waje, yana kuma sa shimfiɗun santsi a junansu. Da ɗan gari akan ci gari. Teku yana bugu daga waje, ruwan daɗi yana buɗe masa ƙofa daga ciki. Har gwalalon da magabata suka haƙa don tsaro, yau ya zama lambatu mai tara ruwa yana kai shi bakin gaɓa, inda aka fi jin tsoronsa.

Katangar kanta ba ta da laifi. Ginin dutse marar laka yana da juriya ƙwarai, domin ruwa yana ratsa shi ya wuce, kuma yana iya ɗan motsawa ba tare da ya fashe ba. Abu ɗaya ne ba ya jurewa: a zare masa ƙasa. In gindin ya tafi, babu abin da ya ɗaure dutse da dutse, sai ya warware kamar tarin lemo da aka zare na ƙasa.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe, don shi ne zuciyar maganar. Me ya sa aka sami hancin dutse tun farko? Saboda dama da hagunsa akwai rauni a dutsen, teku ya bi raunin ya ci, ya bar tsakiya a tsaye. Wato zaizaya ce ta ƙera wurin. Abin da ya ja hankalin masu ginin, wuya siriri da gaɓa mai tsayi ta kowane gefe, aikin tekun ne da bai ƙare ba. Sun yi gini a kan aikin da ake cikin yi. In kana son ganin ƙarshen irin wannan labari, duba Downpatrick Head a gundumar Mayo. Akwai wani ginshiƙin dutse tsaye shi kaɗai cikin ruwa, tsayinsa ya haura mita 40, ana kiransa Dún Briste, wato karyayyiyar ganuwa. Tsofaffin littattafan tarihin ƙasar sun ce a 1393 mahaɗinsa da tudu ya faɗa, aka ceto mutanen da ke kai da igiyoyin jirgi. Har yau akwai kufan gini a samansa.

Shi ya sa ma ba na son jin ana cewa gaɓa kaza tana ja da baya santimita kaza a shekara, in dai gaɓar dutse ce. Lissafin daidai ne a takarda, amma yana ruɗar mai tsara aiki. Gaɓar dutse tana iya yin shekara arba'in ba ta motsa ba, sannan ta zubar da mita biyar kafin asuba. Mai kula da wuri in ya dogara da matsakaicin lissafi, sai ya ɗauka yana da sauran lokaci.

To, sauyin yanayi fa? Ba shi ya fara ba. Zanen 1856 ya isa shaida. Amma yana ƙara wa wutar itace. Tsakanin 1901 da 2018 matsakaicin tsayin ruwan tekun duniya ya ƙaru da wajen santimita 20. A gaban gaɓa mai mita 30 wannan kamar ba komai ba ne, sai dai ba saman gaɓar ake magana ba, gindinta ne. In ruwa ya ƙara zurfi a gindi, igiyar da a da take karyewa can baya yanzu tana isowa da ƙarfinta, kuma tana daɗewa tana bugu a kowace cikowar ruwa. Iska mai ɗumi kuma tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi, don haka ruwan sama mai sauka da yawa a lokaci guda yana ƙaruwa. Hunturun 2013 zuwa 2014, masu nazarin yanayi sun lissafa shi a matsayin mafi yawan guguwa da Ayalan da Birtaniya suka gani cikin sama da shekara 140. Ra'ayina shi ne: Dunbeg da ma zai tafi, sauyin yanayi yana rage masa kwana ne. Wanda ya ce maka shi kaɗai ne sanadi ya yi ƙari, wanda ya ce babu ruwansa ya yi ragi.

Mu zo ga katangar kankare. Ana yin ta, kuma tana aiki a inda ta dace. Ƙauyen Skara Brae na tsibiran Orkney a Sikotlan, wanda guguwar 1850 ta tone daga cikin yashi, katanga ce take tsare shi tun shekarun 1920. A Kerry ɗin ma, tsohon gidan ibada na Ballinskelligs yana bayan katanga. Amma waɗannan wurare ne masu ƙasa-ƙasa, a bakin rairayi, inda mota za ta kai kaya, ma'aikaci ya tsaya ya yi aiki in ruwa ya janye. A Dunbeg ina za ka kafa harsashi? Gindin gaɓar yana cikin ruwa mai tafasa, babu hanya, babu fili, kuma ba gefe ɗaya za ka tare ba, duk kewayen ne. Ko ka yi, ka tare maƙiyi ɗaya ne cikin biyu, domin katangar ƙasa ba ta hana saman zamewa in ya jiƙe. Sannan katanga ba ta kashe ƙarfin ruwa, tana karkatar da shi ne. Ƙarshenta biyu nan ne zaizayar take komawa. Za a iya huda dutsen a ɗaure shi da sandunan ƙarfe, a lulluɓe da raga, a fesa siminti, kamar yadda ake yi wa gefen hanyar mota. Amma injin huda mai nauyi a kan gaɓar da ke neman faɗuwa, kasada ce da ran ma'aikata da ginin kansa. Kuma a ƙarshe me ka tsare? Ganuwar da darajarta ita ce zamanta a kan dutse da teku, ka mai da ita rawani a kan tulin kankare.

Sai batun kuɗi, wanda ba a son faɗa a fili. Wurare ɗaruruwa ne a gaɓar ƙasar suke cikin wannan hali, ga maƙabartu, ga hanyoyi, ga gidajen mutane masu rai. Kuɗin da zai sayi wa Dunbeg shekara talatin zai iya auna wurare da yawa ya tona mafi muhimmancinsu. In ni ne mai rabon, nan zan kai shi.

Kwashewa a sake ginawa fa? An yi a wasu wurare. An yanka gidajen ibadar Abu Simbel na Masar gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga su mita 65 saboda ruwan madatsar Aswan. A Amurka an tura hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape Hatteras kusan mita 900 a 1999. Amma waɗancan abubuwa ne da za a ɗauka. Dunbeg yawancinsa ƙasa ce: gwalalo rami ne, ba a ɗaukar rami. Abin da mai tono yake karantawa shi ne wane shimfiɗi ne a kan wane, gawayin nan yana ƙarƙashin katanga ko yana jingine da ita. Ranar da ka ɗaga duwatsun, wannan karatu ya goge. Ga kuma wani darasi daga Dunbeg ɗin kansa. A shekarun 1890 hukumar ayyuka ta lokacin ta yi masa gyara da kyakkyawar niyya. Zanen Du Noyer ya nuna katangar a miƙe, bayan gyara sai ga ta ta lanƙwasa, kuma tun daga lokacin masana suke jayayya a kan wane dutse ne na masu ginin asali, wanne ne na leburorin gyara. Da ba don wancan zane na 1856 ba, da ba a ma san akwai abin jayayya ba. Takardar mai zane ta fi katangar masu gyara amfani.

Abin da hukuma ta zaɓa shi ne ja da baya cikin tsari. An rufe wurin bayan ɓarnar, aka gyara hanyar ruwa, aka ja shinge, masu ziyara suna kallo daga inda ba haɗari. Ba na ganin wannan a matsayin sakaci. Gyaran magudanar ruwa shi ne aiki mafi araha kuma mafi tasiri da za a yi wa irin wannan wuri, tunda ba ka da iko da teku amma kana da ɗan iko da ruwan da ke gangarowa daga tudu. A gefe guda kuma akwai aunawa. Shirin CHERISH, na nazarin yadda sauyin yanayi yake shafar wuraren tarihi na gaɓar teku, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2017 zuwa 2023, ya haɗa hukumomin Ayalan da na Wales da Jami'ar Aberystwyth, kuma Dunbeg yana cikin wuraren da suka bi. Sun riƙa tashin jirgi marar matuƙi ya ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar wurin, su ƙara da awon na'urar leza, su auna ƙasan teku daga jirgin ruwa. In aka maimaita bayan shekara, sai a ɗora sabon awo a kan tsoho, a ga inda ya tafi da inda tsaga take buɗewa.

Inda nake da ƙorafi shi ne lokaci. Hoto, komai kyansa, fatar wuri yake ɗauka. Ba ya ɗaukar ƙashi, ko gawayi, ko ƙwayar hatsi da ke cikin ƙasa. Waɗannan sai an tona, kuma tono yana da wa'adi: dole a yi shi tun gaɓa tana nesa, domin babu mai tura ɗalibai su durƙusa a bakin ramin mita 30 da ke tsagewa. Dunbeg ya yi sa'a, an tona shi shekara 37 kafin zubewar 2014, shi ya sa yau muke iya faɗin shekarunsa. A Wales ma an yi haka a Dinas Dinlle, wata ganuwar tudu kusa da Caernarfon da teku ya riga ya ci gefenta na yamma, inda tonon 2019 ya fito da wani babban zagayayyen ɗakin dutse mai faɗin wajen mita 13. Amma yawancin ganuwoyin hancin dutse na Ayalan ba a taɓa sa musu cebur ba, kuma saboda ba su da katanga mai kyan hoto, sai tudun ƙasa da ciyawa ta rufe, in sun zube ba mai kawo labarinsu a jarida.

Tunda tarihi kake karanta, ga aikin da zan ba ka. Nemi zanen Du Noyer na 1856, da taswirar da Barry ya buga a 1981, da hoton sama na bayan 2018, ka jera su. Kada ka tsaya kan katangar. Bi layin gaɓar yamma da fensir a kowanne, sannan ka duba tazarar da ta rage tsakaninsa da bangon ɗakin dutsen da ke ciki.